Cikin da Sabuwa Ba Ta Sani Ba

A shekarar 1976 aka aiko wa Malama Kyauta takarda daga Kano, ana neman mace ɗaya daga ƙasar Gumel da za ta shiga gasar jifan dalma ta mata. Ita ce malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata, amma duk ɗalibanta babu mai iya wurga dalmar nan ta wuce taku shida.

Ran kasuwar Sule Tankarkar ta je sayen man shanu. Tana tsaye sai ga wata mata ta sunkuya ta ɗauki buhun gero ita kaɗai, ta ɗora a kan amalanke, ta koma ta ɗauko na biyu. Malama ta saki baki tana kallo har mai man ta taɓa ta. Aka ce mata ai Sabuwa ce, matar Sajo makiyayi, ita ke jan guga tana shayar da shanunsu tun da mijin ya karye a kafaɗa.

Sai da Malama ta yi zuwa uku kafin Sajo ya yarda Sabuwa ta shiga gasar, shi ma da sharaɗin za a yi horon a cikin gida, kuma da zanenta.

Sabuwa ta tare a gidan Malama a Gumel. Aka samo ƙarfen tsohuwar mota daga Maigatari, aka cika gwangwanaye biyu da siminti aka maƙala a bakinsa. Kullum da safe ta ɗaga shi sau talatin, da la'asar ta yi jifa a tsakar gida. Malama na ɗura mata nono da ƙwai da nama. Cikin wata uku damatsanta suka kumbura, rigunanta suka matse ta, jifanta ya kai taku goma sha huɗu.

Saura kwana biyar tafiya aka ce sai an duba lafiyar kowa. Suka je asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta danna cikin Sabuwa, ta sake dannawa, ta ɗago ta dubi Malama.

"Ita ce mai ɗaga ƙarfen?"

"Ita ce."

"Ciki ne da ita, ya kai wata biyar."

Malama ta nemi benci ta zauna. Jiya-jiya ta ƙara wa ƙarfen nauyi, ta tsaya a kan Sabuwa tana cewa ta ƙara ɗagawa sau biyar.

Sabuwa kuwa ko motsi ba ta yi ba. Shekararta goma sha ɗaya da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata na kirki ba, har ta daina lissafi. Can ta ce, "Malama, na ɗauka naman da kike ba ni ne."

"Ba ki ji yana motsi ba?"

"Na ji. Na ce ko ƙwan ne bai karɓe ni ba."

Malama da kanta ta kai ta gida. Da aka gaya wa Sajo, ya dubi matarsa, ya dubi Malama, ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya tsuguna a ƙofar bukka ya rufe fuskarsa da rawani, ya daɗe bai tashi ba.

Wata ɗaliba aka tura Kano, ta zo ta bakwai. Malama ba ta ma raka ta ba. Duk ran kasuwa tana Sule Tankarkar tana tambayar ko akwai ciwon mara, ta hana Sabuwa ɗaukar ko tulu, ita kuma tana yi mata dariya.

Da kaka Sabuwa ta haifi 'ya mace lafiyayya. Ran suna Malama ta karɓi jaririyar, ta duba hannuwanta da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fashe da kuka a gaban mata, har sai da maijegon ta taso ta rarrashe ta.