Kwanon da Babu Zabibi

Rozali tana cikin tace ruwan 'ya'yan kuka aka ɗauke wuta. Firiji ya yi ɗan gurnani ya yi shiru, fanka ta juya ta juya ta tsaya. Ta harari silin, ta ci gaba da matse tsumman tata. A garin Kaolak cikin watan Afirilu, tun hantsi mutum yake jiƙewa sharkaf.

Juma'ar da ke gab da Ista ce, ranar da kowane gidan Kirista ke dama ngalak ya raba wa Musulmin da ya sani, su kuma in Babbar Sallah ta zo su aiko da nama. Tun jiya ta turara dambun gero ya huce. Abin da ya rage ba ruwansa da murhu: ruwan kuka, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, sukari, sai a zuba dambun a yi ta juyawa har hannu ya sage. Aibinsa ɗaya, ba ya jure zafi. In bai samu sanyi ba, kafin la'asar ya yi tsami.

Kafin ta watsa zabibi a babbar roba, sai ta waiga. Babu kowa. Ta yi sauri ta cika wani shuɗin kwano mai lotsattsen murfi, ta tura shi cikin sauran.

Mijinta Agustan ya fito yana gyara hula. Tsohon malamin makaranta ne, kuma azumin wannan rana ba ya barinsa da fara'a. Shi yake rabo a babur, kullum yana alfahari cewa tun da ya yi aure babu gidan Musulmi ɗaya da ya sani wanda kwanonsa ya tsallake. Ya soma jera kwanukan cikin kwando yana kiran masu su, na liman, na mai gyaran taya, na Aja Jari. Hannunsa ya tsaya a kan shuɗin.

"Wannan fa?"

"Na wani gida ne a Ndorong."

Bai tambayi wane gida ba. A unguwar Ndorong 'yarsu tilo take zaune. Selin ta musulunta bara waccan, ta auri wani bakanike, ta koma Rukayya. Tun ranar Agustan ya hana a ambace ta, ya kuma hana Rozali kiransa Baban Selin, sunan da ta saba da shi tun ƙuruciyarsu. Yanzu sai dai ta ce masa Malam, kamar ɗalibarsa, abin kuwa yana ci mata rai.

"Na gaya miki ba ni da 'ya a Ndorong."

"Na ji. Da bakinka ka ce wata Musulma ce kawai. To, Malam, su wa ake kai wa ngalak?"

"Kada ki yi mini wayo a ranar azumi."

"Ba wayo ba ne. Ka kai wa mai gyaran taya wanda ko sunanka bai iya ba, ka tsallake gidan da..."

"Ya isa."

Ya cire kwanon ya ajiye a bakin rariya, ya ɗaure kwandonsa ya tafi. Rozali ta ɗauki kwanon ta naɗe da jiƙaƙƙen zane, ta sa a gindin randa. Ita da kanta ba za ta iya kaiwa ba. Ba nisa ta ji ba. Ta taɓa zuwa a ɓoye, Selin ta rungume ta ta yi kuka, sannan ta ce, "Mama, kada ki ƙara zuwa kamar ɓarauniya. In Baba bai sani ba, ba na so." Taurin kan nan dai a gida ta ɗauko shi.

Rana ta take. Zanen ya bushe, ta sake jiƙawa, ya sake bushewa. Agustan ya dawo da kwando fanko, ya kwanta a tabarma ƙarƙashin dalbejiya ya rufe fuska da hula. Ta buɗe kwanon ta shinshina. Da saura, amma ba zai kai yamma ba. Ta yafa mayafi ta tsallaka gidan Aja Jari, Bafulatanar maƙwabciyarta mai firijin hasken rana. Ita Rozali Basarera ce, ƙabilarsu kuwa abokan wasan Fulani ne.

Ta tarar da ita da cokali a hannu.

"Ke Basarera, bana kin yi rowar sukari," in ji Aja. "Ko maigidan ne ya lashe a hanya? Na san ku da ciki."

"Kin kusa ganin gindin kwano kina kushe. Bafulatani dai ba ya godiya. Sammini ƙanƙara."

Aja ta dube ta da kyau, ta daina dariya. "Na wa ya rage?"

Rozali ta gyara mayafinta.

"Na ga 'yarki a asibiti makon jiya," Aja ta ce a hankali, tana naɗe ƙanƙarar a buhu. "Layin awo take. Ta yi nauyi sosai. Na ɗauka kin sani."

Rozali ta ƙura wa buhun ido. 'Yarta tana da tsohon ciki, ita kuwa a bakin maƙwabciya take ji. Ta karɓi ƙanƙarar ta fito ko sallama ba ta yi ba, ruwan yana ɗiga a zanenta.

A gida ta tarar da tabarma babu kowa, babur ba ya nan. A gindin randa jiƙaƙƙen zanen ne kawai a yashe. Ta leƙa rariya, ta leƙa wajen awaki, tana tsoron ta ga ya zubar. Ba ta ga komai ba. Ta zauna rungume da ƙanƙarar tana narkewa. Ƙararrawar coci ta kaɗa, ba ta tashi ba.

Sai bayan la'asar ta ji babur. Agustan ya shigo, rigarsa ta manne masa a baya, idonsa ja. Ya jingine babur ya daɗe yana kwance igiyar kwandon da babu komai a ciki.

"Da ya lalace," ya ce, bai dube ta ba. "Ba na son a yi asarar abinci."

"Haka ne."

"Na buɗe na ga babu zabibi. Har yanzu ba ta ci?"

"Ban sani ba. Na dai tuna."

"Ban shiga ba. A ƙofa na tsaya, kamar kowane gida." Ya share wuya da hula. "Ita ta fito. Ta durƙusa za ta gaishe ni, durƙuson ya gagara."

Rozali ta dubi kwandon.

"Ina kwanon, Baban Selin?"

Sunan ya riga ya fita. Ta jira faɗa, faɗan bai zo ba.

"Ta riƙe," ya ce. "Wai sai Babbar Sallah."

Ya zauna a bakin tabarma, ya miƙa hannu ta ba shi guntun ƙanƙarar da ya rage. Ya ɗora a goshi ya rufe ido.

"Sallar nan," ya ce, "bana wane wata za ta faɗo?"