Amaryar Labbo Ta Ce To

A Karakkai duk wanda ya karye, gidan Labbo maɗori ake kai shi. Hannunsa ya san ƙashi, shi ma ya san da haka, shi ya sa ba ya son a yi masa gardama. Mutum ɗaya ce ke mayar masa da magana son ranta, jikarsa Hafsatu mai shekara biyar. Kullum ya ce mata amaryata, ita kuwa ta murguɗa baki ta ce Allah ya tsare ta da tsoho mai furfura.

Ran nan da hantsi ta faɗo daga amalanken shanu, gefen cikinta ya bugi dutse. Saude, uwarta, ta sungumo ta zuwa zaure. Labbo ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya duba hannu da ƙafa.

"Lahiya lau take, babu karaya," in ji shi. "Ko kuka ba ta yi ba. Ki dama mata hura."

Da ƙato ne, da maganar Labbo ta zauna, don dukan da zai taɓa cikin babba yakan bar shaida a ƙashi. Yarinyar ta kwanta a tabarma shiru. An sha hana ta hawan amalanken, ga tsoron bulala, don haka ko an tambaye ta sai ta girgiza kai.

Labbo ya zauna kusa da ita. "Amaryata, gobe a ɗaura mana aure?"

"To," in ji Hafsatu.

Ba ta taɓa amsa masa da to ba. Ya taɓa tafinta ya ji sanyi da gumi, ya ja leɓenta ya ga ya yi fari. Sai a lokacin ya tuna abin da hannunsa ya daɗe da sani: ƙashin yaro kamar ɗanyen reshe yake, yakan lanƙwasa ya dawo, dukan ya wuce ciki.

"Saude, aje hurar nan. Ko ruwa kada ki ba ta. Lulluɓe ta, ki kira Tajuddeen ya kawo mota."

Tajuddeen maƙwabcinsu bai tsaya a Bungudu ba, asibitin Gusau ya miƙe da su. Likita ya ce saifarta ce ta tsage, jini na zuba a ciki. Ya ce yaro kan daure kamar ba komai, sai a ga ya faɗi farat ɗaya. Labbo ya zauna a baranda yana kallon hannuwansa, yana jin haushinsu.

Bayan tiyata, da ta farfaɗo sosai, aka bar shi ya shiga. Ya durƙusa bakin gadon.

"Amaryata, ina maganar aurenmu?"

Hafsatu ta dube shi da ƙyar, ta turo baki.

"Ba ni son ka, tsoho."

Labbo ya kifa kansa a kan gadon ya yi ta kuka.