Wayar Baba Lafiyarta Ƙalau

Kwana uku ke nan wayar Baba tana kwance a kan teburin Injiniya, cikinta a buɗe, ƙananan kusoshinta jere a cikin murfin kwalba. Ya ɗiga dalma a kan wani siririn zaren tagulla, ya hura, ya mayar da batir, ya kunna. Ɗan koren kunkurun nan, tambarin wayar, ya fito a gilashi yana tafiyarsa ta ƙasaita. Sandunan sabis suka cika, huɗu cur. Injiniya ya ɗauki tasa wayar ya kira lambar Baba.

"Lambar da kake kira a kashe take," in ji muryar matar nan ta kamfani.

"Ƙarya kike yi!" ya daka wa wayar tsawa. "Ga ta nan a gabana tana ci da wuta!"

Auta, ƙanwarsa, tana tsaye a bakin rumfa da jakarta a kafaɗa. Daga makarantar da take koyarwa ta biyo ta kasuwa, kuma ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

"Yaya, don Allah ka ciro layin ka ba ni in sa a wayata. Ka san fa wannan lambar aka ba asibiti."

"In na ba ki layin da me zan gwada aikina? Ruwa ne ya taɓa ta. Yau ɗin nan zan gama."

"Haka ka ce shekaranjiya."

"To Malama, zo ki zauna ki gyara, ni in je in koyar da yara."

Ta galla masa harara ta juya. Shi kuwa ya ja fitila kusa, ya sake sunkuyawa. Shekara goma sha huɗu yana wannan sana'a, har 'yan kasuwa suka manta sunansa na yanka suka bar shi da Injiniya. A ce wayar da ta faɗa bahon wanka na ɗan lokaci ranar Lahadi ita ce za ta kunyata shi? Kuma wayar mahaifinsa?

Maganar asibitin ba ƙarama ba ce, shi ma ya sani. Baba tsohon mai gyaran agogo ne, idanun da suka ci da gidan nan shekara arba'in su ne yanzu suka gaji. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama likita ya ce akwai sauran dama, amma aikin ya fi ƙarfin asibitin, sai ƙwararrun da kan zo daga waje jefi-jefi. An rubuta sunan Baba a jeri, aka karɓi lambarsa, aka ce idan sun iso za a kira. Tun ranar Baba ya sa aka goge masa kaya aka haɗa masa 'yar jaka, ya ajiye ta a bayan ƙofa.

* * *

Ita wannan waya da kowa ke kira Kunkuru, Injiniya ne ya cika unguwarsu da ita. Manhajar da ke juya ta, wato ƙwaƙwalwarta, ba ta manyan kamfanonin nan ba ce da suka raba duniya a tsakaninsu. Wasu ƙananan masu ƙira ne suka yi ta, kuma sun yi ta da tsoron Allah. Caji ɗaya ya kai kwana huɗu. Rubutu manya-manya. Ta faɗi ƙasa ka ɗauka ka karkaɗe ka ci gaba da maganarka.

Shekara uku da suka wuce kamfanin layi ya ɗauke ta a kai kamar amarya. Ba inda za ka juya ba ka ga kunkuru ba: a jikin motocin haya, a bangon kasuwa, a rediyo safe da yamma. Wanda ya saya a ba shi kiran kyauta na wata shida. Suka ba Injiniya lema da riga da hula, duk masu hoton kunkuru, suka ce shi ne wakilinsu a wannan ɓangaren kasuwa. Shi kuma ya zage ya yi musu aiki da zuciya ɗaya, don ya buɗe cikin wayar ya ga aikin kirki. Tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi duk shi ya shawo kansu. Ta farkon da ya ciro daga kwali, Baba ya kai wa.

Sai rana ɗaya hotunan suka fara ɓacewa. Kamfani ya ƙulla sabuwar abota da ɗaya daga cikin manyan, kyautar kira ta koma kan wayoyinsu. Masu shaguna suna ganin haka suka daina saro Kunkuru. Masu haɗa manhajojin banki da na hira suka ce ba za su wahala a kan wayar da ba a sayarwa ba. Ba wanda ya taɓa cewa ta lalace. An dai zare hannu daga kanta, kowa ya bi inda kamfanin layi ya nuna da baki. Shi kansa Injiniya bara ya sayi ɗaya daga cikin wayoyin manyan, yana ɓoye ta a aljihu idan tsofaffin da ya sayar wa Kunkuru suka zo wucewa.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi ya riga ya canja eriya sau biyu, ya wanke injin wayar, ya sake lasifika ba gaira ba dalili. Yana cikin tunanin abin da ya rage bai taɓa ba, sai ga wata tsohuwa mai wanki ta kwance bakin zaninta ta ajiye masa Kunkurunta.

"Ɗan nan, duba mini. Tun Litinin ba mai kirana. Na ce ko sabis ne, ka san halinsu, na yi ta haƙuri. Jiya wata ta tare ni a hanya tana faɗa, wai na kashe waya da kayanta a hannuna."

"Ta faɗa ruwa, Inna?"

"Ni da nake kwana cikin ruwa ai na fi kowa sanin inda zan ajiye ta."

Bai gama juya ta ba mai gadin kasuwa ya iso da tasa. Bayansa wani direban tasi, yana zage-zage tun daga nesa. Dukkansu Kunkuru, dukkansu sabis a cike, dukkansu tun Litinin.

Gaban Injiniya ya yanke ya faɗi. Ya zare layin Baba ya zura a tasa wayar, ya ce wa direban ya kira. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba ta ɗauki ƙara. Abin da Auta ta roƙe shi tun ranar Laraba ke nan, aikin da bai kai minti ɗaya ba. Ya bar rumfar a buɗe, ya bar mutane tsaye, ya tari abin hawa zuwa asibiti.

Magatakardan sashen ido ya lashi yatsa ya buɗe babban littafinsa, ya bi layi da bayan biro har ya tsaya.

"Ga shi nan. An kira Talata da safe, a kashe. An sake kira Laraba, a kashe. Ƙa'idarmu sau biyu ne, Malam, sai a ba na baya."

"Likitocin fa? Ina suke? Yanzu zan ɗauko shi, gidanmu ba nisa."

"Jiya da yamma suka tafi."

"Yaushe za su dawo?"

Magatakardan ya ɗaga kafaɗa. "Wannan zuwan ma sai da aka yi shekara ɗaya da rabi ana jira." Ya dubi Injiniya ta saman tabarau, ba da mugunta ba. "Ku ma dai, mutum yana jiran kira irin wannan, a bar waya a kashe?"

Injiniya ya juya ya fita. Tun farko likita ya faɗa wa Baba a gabansa cewa idon nan ba zai jira shekara ba.

* * *

Ofishin kamfanin layi sanyi kamar cikin firji. Aka ba shi 'yar takarda mai lamba, ya zauna a jerin kujerun roba yana kallon bango. Wani ƙaton hoton sabuwar waya ke manne a wurin, amma bai rufe tsohon shatin ba. Ta gefensa ana iya ganin inda fenti ya fi haske, daidai ƙafar kunkuru.

Da layi ya zo kansa ya ajiye wayar Baba a kan kanta. Ma'aikaciyar ko taɓa ta ba ta yi ba.

"Ayya, irin wannan ce. Malam, ranar Litinin muka rufe tsohuwar hanyar kira. Sabuwar kuma sai wayoyin da ke cikin jerinmu."

"Wannan tana iya hawa sabuwar hanyar. Ni mai gyara ne, na san abin da ke cikinta. Kayan da ke cikin waccan ta bango su ne a cikin wannan."

"Ba ta cikin jeri."

"Wa ya rubuta jerin?"

"Daga sama yake zuwa."

"Baiwar Allah, ku kuka kawo ta! Ku kuka ba ni riga da lema kuka ce in sayar wa iyayenmu! Yanzu ku rufe musu baki ba ko sallama?"

"Mun tura saƙo ga kowa," ta ce, murmushinta bai motsa ba.

Ya buɗe akwatin saƙon Baba a gabanta. Tallar waƙa, tallar gasa, tallar garaɓasa, sun fi talatin a mako guda. Can a tsakiyarsu ga shi nan, layi biyu cikin harshen da Baba bai taɓa karantawa ba ko lokacin da idonsa ke ganin ƙurar cikin agogo. Wai kamfani na farin cikin sanar da inganta hidima.

"Tsoho mai ido ɗaya kuka tura wa wannan? Wayar tana nuna sabis a cike, ta yaya mutum zai san kun yanke shi? Ko da ƙararrawa ɗaya ce ku sa ta yi mana!"

Mutane suka fara juyowa. Wani mutum rataye da igiyar katin aiki a wuya ya fito daga ciki, ya ja shi gefe da lallashi. Da alama ma'aikacin injuna ne, don hannunsa ya san aiki.

"Maigida, ka yi haƙuri, gaskiyarka ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sa ta a jeri ba ya ɗaukar mu yini guda. Amma manyan can su ke ɗaukar nauyin talla, su ke raba riba da kamfani. Masu Kunkuru ba su da abin bayarwa. To wa zai sa hannu?"

"Mutum nawa ke riƙe da ita a garin nan?"

"An duba. Aka ce ba su kai a damu ba."

Wannan kalma ita ta fi komai ƙona masa rai. Ashe ba mantuwa ba ce. An zauna a ɗaki mai sanyi, an dubi mai wanki da mai gadi da Baba, aka ga ba su kai ba. Yana juyawa zai fita ma'aikaciyar ta ɗaga murya da fara'a, wai idan ya kawo tsohuwar akwai rangwame a kan sabuwa. Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya sai an kira masa 'yan sanda. Amma ko da ya fito rana ta dake shi, fushin bai ba shi mafaka ba. Su suka rufe hanya, shi kuma ya riƙe layin kwana biyar saboda kada a ce ya kasa.

* * *

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Baba na zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, inda haske ya fi yawa. Auta na tsugune tana wanke kofuna. Kallo ɗaya ta yi wa yayanta ta gane, ta saki kofin cikin ruwa, ta shige ɗaki. Ya gwammace a ce ta zage shi.

Ya durƙusa a gaban tsohon ya faɗa masa komai, bai rage nasa laifin ba. Baba ya saurara har ƙarshe, kansa a karkace kamar yadda yakan saurari agogo.

"Ba ni ita," ya ce.

Ya karɓa ya shafa ta da yatsu, gefe da gefe, ya bi kusoshin ɗaya bayan ɗaya da farce.

"Ka ɗaure ta da kyau. Me ka samu a ciki?"

"Ba komai, Baba. Lafiyarta ƙalau."

"Ni ma na taɓa kwana biyu a kan agogon wani, ashe murɗa shi ne kawai ba a yi ba." Ya yi 'yar dariya, ta mutu a maƙogwaro. "Ka ce wa Auta ta cire kayan nan daga jaka, kada su yi wari."

Injiniya ya kasa tashi. Baba ya lalubi maɓallin gefe ya danna, ya kawo wayar dab da idonsa na dama. Watan jiya yakan yi haka yana tsokanar jikokin maƙwabta, yana cewa ga mutumin nan mai kore ya fito yawo. Kunkurun ya fito, ya yi tafiyarsa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, sandunan sabis suka cika huɗu. Haskensa na kwance a kan fuskar tsohon.

Baba ya daɗe yana jira. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashin ɗansa.

"Ta kawo wuta kuwa?"