Filash ɗin Baba

Aikina shi ne saurare da bugawa. Masu bincike su ɗauko hirar mutane su turo mini, ni kuma in sa hedifon a kunne, in mayar da maganar rubutu a kwamfutar cinya. Shekara tara ina wannan sana'a a kan teburin cin abincinmu, kuma ina jin daɗinta, domin ba mai tsaya mini a ka.

Da tsohon hedifon ɗina mai waya ya mutu, maigidana ya kawo mini marar waya, irin mai ɗan ƙaramin abu da ake soka wa kwamfuta a gefe. Na so shi tun ranar farko. Ina iya tashi in duba tukunya magana na bina har kicin.

Ranar Asabar Inna ta zo, kamar yadda take zuwa kowane ƙarshen wata, kuma Yaya ya rako ta da gwangwanin Baba a aljihu. Baba mai gyaran agogo ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. A gwangwanin da yake tara ƙananan kusoshin agogo Yaya ya ajiye filash guda, an naɗe shi da ƙyallen goge gilashi. A ciki akwai muryar Baba ta minti goma sha ɗaya, wadda Yaya ya ɗauka a shago ba tare da Baba ya sani ba. Ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mana.

Yaya ya kafa wa filash ɗin doka: ba a kwafa. Ya taɓa cewa zai kwafi hotunan aurensa, ya danna abin da bai kamata ba, suka tafi gaba ɗaya, matarsa ta yi mako ba ta kula shi. Tun daga nan ya ɗauki kwafi a matsayin hanyar ɓata abu. A soka, a saurara, a zare, a naɗe. Mu kuma muka bi, don Yaya in ya kafe sai Allah.

Kunnen Inna ya yi nauyi, lasifikar kwamfutata kuma ta daina aiki tun da shayi ya zube mata, don haka sai da hedifon. Na soka filash a ramin da ke kusa da ɗan abin hedifon, na ɗora wa Inna a ka, na kunna. Ba a yi minti ɗaya ba ta yamutsa fuska.

"Auta, me ya same shi? Yana magana yana sarƙewa."

Na karɓa na saurara. Kalma biyu ta fito, uku ta ɓace, ƙarar agogunan shagon ma tana tsalle.

Na zare filash, na kunna hirar da nake bugawa, wata tsohuwar ungozoma ce ke ba da labarin aikinta. Murya tas, ko tari ɗaya bai ɓace ba. Na mayar da filash, Baba ya ci gaba da sarƙewa.

"Shi ke nan," in ji Yaya, ya dafe kai. "Filash ɗin ne ya fara lalacewa. Yawan kunnawar nan ne."

"Sau ɗaya a wata ne yawa?" na ce.

Maigidana, wanda direba ne amma yake ji da kansa kamar injiniya, ya nannaɗe hannun riga. Ya sa hedifon a caji. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya ɗauke wayoyinmu duka ya kai ɗaki, ya dawo ya kashe fanka, har firji ya so kashewa na harare shi. Ya hura ramin filash kamar mai hura wuta. Duk a banza.

Inna ta koma kujerar bakin taga tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Ku bar shi. Na ji rabona." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don na san ba ta ji rabonta ba.

Yaya da maigidana suka shiga falo, ni kuma haushi ya sa na koma kan aikina, ko zuciyata za ta huce. Na kunna ungozoma. Sai ga ta ita ma tana sarƙewa, matar da ɗazu take zuba kamar famfo. Na duba gefen kwamfuta. Ashe a cikin ruɗani mun bar filash ɗin a soke. Na zare, ta warware. Na mayar, ta sarƙe. Sau huɗu na yi haka ina dariya ni kaɗai.

"Yaya! Zo ka gani. Lafiyar Baba ƙalau. Filash ɗin da ɗan abin hedifon ne ba sa shiri, in suna maƙwabtaka sai su dami juna."

"To a canza rami."

"Ɗayan ramin shayi ya cinye shi. Sai dai a kwafa, a zare filash."

Ya yi tsaye kamar na ce a sayar da gidan gado. "Auta, kin san abin da ya faru da hotunana."

"Kai ka yi, ba kwafi ba. Ni kullum sai na kwafi abu ashirin kafin azahar."

Daga bakin taga Inna ta ce, "Bar ta ta yi."

Ya tsaya a bayana yana numfashi a wuyana. Daƙiƙa shida aka yi. Sai da na nuna masa Baba na nan a filash, ga shi kuma a kwamfuta, sannan ya zare da hannunsa ya naɗe. Bai ce na yi daidai ba, amma ya nemi in sa masa ɗaya a waya.

Na ɗora wa Inna hedifon, na manna kunnena a bayansa ina tsintar abin da ke fitowa. Agogunan shago suna tafiya daidai. Baba ya gyara murya yana ba wani abokinsa labari: "Yarinyar nan sau uku tana kawo mini agogon da ba abin da ya same shi. A na ukun na ce, to, ba agogo ne ya kawo ta ba."

Inna ta buga cinya. "Ji ƙarya! Sau biyu ne. Na ukun da gaske ya tsaya."

Ta share ido da bakin mayafi tana dariya, ta ƙara danna hedifon a kunnenta da hannu biyu.

"Auta, mayar da shi baya. Ban gama da shi ba."