Hatimin da Ya Ƙi Rusunawa

Tsuboi, sakataren uwar ƙungiyar kulob-kulob na unguwanni, ya rubuta shirin shekara biyar, ya zaga kulob arba'in neman wakilin kowanne ya buga hatimin amincewa. Kowa ya karkata nasa wajen gurbin hatimin shugaba a takardar, alamar rusunawa, ban da na tsohuwa Nabeshima da ya tsaya ƙiƙam.

Shugaba Inokuma ya ture takardar. "Wannan hatimin raina ni yake yi. A sake daga farko!"

Tsuboi ya ce, "Ranka ya daɗe, hannunta ne ke rawa."

"To ya yi rawar wajena mana!"

Ranar da Tsuboi ya dawo, takalminsa ya cinye, hatimai duk a durƙushe, shekara biyar ta cika cif.

Shugaba ya tafa. "Madalla, shiri ya kammala lafiya! Maza, rubuto na shekara goma."