Gishiri a Bakin Kofi

Duk bikin da za a yi a dangin mijinta, aikin Juwairiyya ɗaya ne: yankan albasa. Tun tana amarya aka ɗora mata, wai hannunta yana da sauri, ba a kuma sake sauke mata ba. A bikin da ya wuce, wuni ta yi a gindin murhu da ’yarta Yasmin a goye, ga hayaƙin icce ga yajin albasa, yarinyar ta yi sati biyu tana tari. Yanzu saura wata guda bikin Nafisat, ƙanwar mijin nata. Juwairiyya ta ƙudura a ranta cewa wannan karon ɓangaren abin sha za ta koma, inda ake zama a ɗaki ƙarƙashin fanka, jaririya tana barcinta a katifa.

Sai dai mai rabon aikin ita ce Hajiya Harira, babbar yayar mijinta, kuma shekara da shekaru zoɓo da kunun aya suna da masu su. Ba za a matsa mata ba sai ta zo da sabon abu.

A waya ta tsinci sabon abin. Wata mata ce ta ɗauko dogon kofin gilas, ta goga lemon tsami a bakinsa, ta kifa shi a farantin gishiri, ta cika shi da ƙanƙara, ta zuba ruwan garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, da ruwan soda, da wani farin ruwa daga kwalba. Juwairiyya ta kalla sau bakwai, ta rubuta komai a bayan kalanda.

Da safe mijinta Balarabe yana ɗaure takalmi zai tafi ofis, ta miƙa masa takarda.

“Abban Yasmin, in ka taso ka biyo min da waɗannan.”

Ya karanta a fili. “Garehul. Lemon tsami. Soda. Teki...” Ya ɗago kai a hankali. “Maman Yasmin, a ina kike so in nemo wannan?”

“Shagon Malam Ila mana, nan bakin titi. In babu ka ce ya saro.”

“Malam Ila ladanin masallacinmu? In je in ce ya ba ni tekila? Giya ce fa!”

Juwairiyya ta dafe ƙirji ta zabga salati. Ta sa hannu biyu ta toshe wa Yasmin kunnuwa, duk da cewa watanta takwas. Ta karɓe takardar, ta soke kalmar da biro har sai da ta huda, sannan ta goge fuskar wayar da gefen zaninta.

“To me zan sa a madadinta? Matar ta ce ita ke kawo ɗan zafi a maƙogwaro.”

“Ni ina na sani? Kada ki sa a ce na sani.”

Ita ta nemo wa kanta mafita. In dai zafi ne a maƙogwaro, ai akwai citta. Ta daka ɗanya, ta tace, ta jefa kanumfari biyu. Kwana uku Balarabe yana ɗanɗanawa yana yamutsa fuska, a na huɗu ya ce a ƙaro.

Ranar Asabar bayan la’asar Hajiya Harira ta amsa gayyatar Juwairiyya, ta iso gidansu da ke Unguwar Sarki a Keke mai ƙafa uku, tana fifita da gefen mayafi. Kafin nan Juwairiyya ta jera kofuna shida a tire, kowanne da zoben gishiri fari tas a baki. Rabin awa ta ɓata a kansu. Suna cikin gaisawa Yasmin ta ɓata jikinta, ta ɗauke ta suka shiga ciki.

Da ta fito, babu tire a falo. Ƙarar famfo ta jiyo daga kicin. Ta tarar da Hajiya ta naɗe hannun riga, tana dirje kofi na shida da soso.

“Matar ƙanina, raino ba hauka ba ne,” in ji Hajiya. “Omo ya bushe a bakin kofi har ya yi ɓawo, za ki ba mutane? Allah ya sa ni ce na gani.”

“Yaya, gishiri ne.”

“Gishiri ya zube miki a kofi shida?”

“Ni na sa. Haka ake yi.”

Hajiya ta kashe famfo ta dube ta daga sama har ƙasa. “A miya na san ana sawa. Ko wani malami ne ya ba ki? In Balarabe ne ke ba ki ciwon kai, ki faɗa min, ni na goya shi.”

Juwairiyya ta matsa gaban kofunan. Ta goge kofi ɗaya, ta goga lemon tsami, ta kifa a gishiri, ta zuba ƙanƙara da sauran kayan a gabanta, ta miƙa da hannu biyu. Hajiya ta karɓa, ta sa babban yatsa ta share gefen da za ta kafa baki, ta kurɓa.

“Tsami.”

“Ki sha ta wajen gishirin, Yaya, don Allah.”

Ta juya kofin kamar mai shan magani, ta yi bisimilla ta rufe ido. Ta kurɓa. Ta sake juya shi kaɗan ta kurɓa. Haka ta yi ta bin bakin kofin tana zagayawa, har ta dawo inda ta share, ta tsaya tana kallon wurin da takaici.

“Mayar min da na nan,” ta ce.

A kofi na uku ne ta tuna da biki. “To amma ke, mutum ɗari uku za a yi. Wa zai ba ’yan biki gilas? A robobi ake ƙulla abin sha. Ina za ki sa gishirin?”

Suka gwada da robar ruwa. Suka shafa gishiri a bakinta, suna murɗa murfi ya zube ciki. Suka shafa a murfin, ya manne a tafin hannun Hajiya. Hajiya ta lashe, ta girgiza kai.

“Ba zai yiwu ba. Ki dai riƙe albasarki, an san ki da ita.”

Juwairiyya ta ji Yasmin ta yi ɗan tari daga ɗaki, wanda wataƙila ma miyau ne ya sarƙe ta. Ta miƙe ta jawo ledar ƙulli ’yar ƙarama, irin wadda mai awara ke zuba yaji. Ta zuba gishiri kaɗan, ta ƙulle, ta ɗaure a wuyan robar.

“Kowa ya lasa, ya kurɓa.”

Hajiya ta ɗaga robar tana kallon ƙullin yana lilo. Ta huda shi da haƙori, ta lasa, ta kurɓa, ta lumshe ido.

“Ɗari uku fa. Ke za ki ƙulla, ba mai taya ki.”

“A ɗaki?”

“A ɗakina, har da fanka. Albasa kuwa Balarabe ya ɗauko mai yi ya biya, tunda matarsa ta zama injiniya.”

Washegari Juwairiyya ta sayo gishiri mudu guda da leda bandir biyu. Ta fara tun da wuri, Yasmin na zaune a gefenta tana cin ƙafarta.