Ruwan Kalgo

Tun ranar da Abu ya sauke jarkoki goma sha biyu daga bayan akori-kura a ƙofar gidansu da ke Gwandu, abinci ya daina yi wa Abdulbaƙi daɗi. Ruwa ne a cikin jarkokin, ruwa tsagwaronsa, an ɗauko shi tun daga Kalgo, an ratsa Birnin Kebbi da shi, an wuce Kambaza, sai ka ce ba a taɓa haƙa rijiya a Gwandu ba. Ga rijiya kuwa a tsakar gida, wadda Abdulbaƙi da marigayi mahaifinsa suka haƙa da hannunsu shekarar da ya sauke Alƙur'ani. Duk wanda ya san shi ya san bai yarda akwai ruwan da ya kai nata daɗi ba.

"Mi za a yi da ruwan ga, Abu?"

"Aiki za a yi da shi, Yaya."

"Rijiyarmu ta ƙahe?"

"Ba ta ƙahe ba. Na dai saba da wanga."

Iyakar amsar ke nan, ya ci gaba da sauke buhuna. Abu mijin Safiya ne, ƙanwar Abdulbaƙi. Shekara shida ya yi a Aljeriya yana aikin gini, a can ya koyo zuba jibis, farin garin nan da 'yan birni ke kira fi'ofi. Sauran masu sana'ar ado suke yi wa silin da shi, shi kuwa kwaɓa shi yake yi ya zuba rufi sukutum a ƙarƙashin kwano, ya zuba daɓe a ƙasa, ɗaki ya yi sanyi kamar randa. Mutum ne da magana ke yi wa wuya, kuma a wurin Abdulbaƙi, dillalin albasa da ya ƙare rayuwarsa yana karantar fuskokin mutane a kasuwa, mai shiru ba ya rasa abin da ya ɓoye.

Akwai dalili, ba za a ce babu ba. Bayan rasuwar mahaifinsu, Safiya ta kawo shawarar a sayar da gidan, Inna mahaifiyarsu ta koma Kalgo wurinta. Abdulbaƙi ya ce sai dai bayan ransa. Aka faɗi maganganun da ba a so, shi ya fi faɗa, tun daga nan zumuncinsu ya koma gaisuwar waya ranar Juma'a, ita ma a gajarce. Bana da zafin kwano ya kwantar da Inna har sau biyu, sai ga Safiya ta aiko mijinta ya gyara ɗakin, ta ɗauke Inna zuwa Kalgo kafin a gama. Mutanen unguwa suka ce Allah ya yi mata albarka. Abdulbaƙi ma ya ce amin, amma a ransa cewa yake matar da ta so a sayar da gida ba za ta wayi gari tana ƙawata shi haka kawai ba. Yana son ƙanwarsa, ita kaɗai gare shi, kuma wannan gyaran ne ƙofar shiri ta farko da ta buɗe a shekara biyu. Ya san haka sarai. Zuciyarsa ce ta ƙi kwanciya.

Sai ya bar kasuwa ya ce zai taya aiki. Ba taya aikin ne ya dame shi ba, ido ya zo sawa.

Da rufi aka fara. Abu da leburorinsa biyu suka kafa turaku, suka shimfiɗa katako a kai ya zama faranti guda, suka shafe shi da mai don kada jibis ya manne. Aka ɗaga kwano layi biyu, aka shimfiɗa ragar waya da zaren gongola da aka tsefe, don su riƙe jibis ɗin. Wajen kwaɓi ne Abu ba ya barin kowa ya sa hannu. Ruwa yake fara zubawa a rabin duro, sannan ya riƙa barbaɗa garin da tafin hannu a hankali har ya yi tsibiri a tsakiya, ya bar shi ya sha, kafin ya juya. Da Abdulbaƙi ya ɗauki bokiti zai kwara ruwa a kan gari kamar yadda ake yi wa siminti, Abu ya riƙe masa hannu.

"Gari ka bin ruwa, Yaya, ruwa ba shi bin gari."

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya wa Abdulbaƙi a wuya shi ne gorar. Kafin kowane kwaɓi, Abu zai juya baya, ya zaro wata gorar roba daga jakarsa, ya tsiyaya murfi uku na wani ruwa mai duhu a cikin duron, leɓensa na motsi, ya mayar da gorar ya zuge jaka. Ruwa mai duhu, a ƙirge, da motsin baki. Abdulbaƙi ba yaro ba ne, ya san kamannin rubutu.

Da aka gama zuba rufin, ya hau tsani ya ɗora tafinsa a kai. Ɗumi ya ji, ɗumi sosai, kamar ya taɓa goshin mai zazzaɓi, alhali ruwan sanyi aka kwaɓa da shi a gabansa. Ya janye hannu da sauri. Ya leƙo ƙasa ya ga Abu yana kallonsa.

"Ya yi zahi ko?" in ji Abu, har da ɗan murmushi. "To ya kama."

Me ya kama? Wa ya kama? Abdulbaƙi ya sauko daga tsanin. Kalma ɗaya ce ta riƙa yi masa yawo a kai, kurciya, asirin da ake binnewa a gida don mai gidan ya ji ya tsani wurin, ya tattara ya bar shi da ƙafarsa ba wanda ya kore shi. Ya tuna kwana biyun nan in ya shigo soro ƙirjinsa nauyi yake yi. Bai tsaya ya tambayi kansa ko zargin ne ke danne shi ba. An zuba na sama, in aka zuba na ƙasa an rufe shi ruf ke nan, shi da Inna.

Ranar da ya rage kwana ɗaya a zuba daɓe, ya tafi wurin wani malami a Ceberu, bai faɗi suna ba, ya ce dai wani makusanci yake tsoro. Aka wanke masa allo uku na kariya, ya ƙunso a leda.

Washegari da Azahar Abu da leburori suka tafi masallaci, daga nan za su tsaya cin abinci. Abdulbaƙi ya ce cikinsa ke ciwo. Suna fita ya sa sakata. Ya tuntsurar da jarkokin Kalgo guda shida da suka rage a makwarara, ya cika su daga rijiya, yana ja yana haki. Sannan ya buɗe jakar surukinsa, abin da bai taɓa zaton zai yi ba a rayuwarsa, ya juye gorar a bayan ɗaki ba tare da ya ko shinshina ba don tsoro, ya ɗura rubutun Ceberu a ciki. Kalar ta zo ɗaya. Kunya ta kama shi, amma ya ce wa kansa kare gida ba laifi ba ne.

Aka dawo aka hau aiki. An riga an share tsohon daɓen, an shimfiɗa leda, an ja zare a jikin bango don a san inda jibis zai tsaya. Abu ya zuba ruwa, ya juya baya ya tsiyaya murfi uku, ya barbaɗa gari. Duron farko ya tafi, aka kwarara shi daga ƙuryar ɗaki. Abu ya sa dogon katako zai ja ya baje, katakon ya ƙi tafiya. Jibis ɗin da ya saba malala kamar kunu ya tsaya cak, ya yi tudu a tsakiyar ɗaki. Lebura ɗaya ya ce bokitinsa ya daskare, ɗayan ya zaro muciya daga duro na biyu da dunƙule a jikinta. Ko minti biyar ba a yi ba.

Abu bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya taɓa tudun, ya miƙe ya nufi jarka, ya kamfaci ruwan ya kai baki. Ya ɗan jima da shi a baki kafin ya zubar. Sannan ya ɗauko gorar, ya ɗiga a yatsa ya lasa. Ya ce wa leburorin su je waje su sha iska.

"Yaya, tawada nika ji cikin gorar ga."

Abdulbaƙi ya ga ba wurin ɓuya, sai ya zaɓi faɗa. "Ni na zuba. Naka na zubar. Kai hwaɗa mani abin da kaka zuba muna cikin ɗaki kana karatu bisa nai."

"Tsamiya."

"Mi?"

"Ruwan tsamiya. In babu shi jibis ba shi jira, kahin ka baje ya sandare. Murhi ukku ka ba ni rabin awa. Karatun kau bisimilla nika yi, in ƙirga murhi kar in ɓata."

"Zahin da yay yi hwa?"

"Haka shika yi in shina kamawa. Ko'ina duniya."

Abdulbaƙi ya riƙe abu na ƙarshe da ya rage masa. "To ruwa? Mi ya hana ka ɗiba ga rijiya? Ko ka saye ga masu kurar ruwa nan unguwa?"

A nan ne Abu ya sunkuyar da kai, kamar shi ne mai laifin.

"Rijiyar ga tana da zartsi, Yaya. Kaɗan na, wanda yat tashi da ita ba shi ji. Amma jibis shina ji, gishiri ka sa shi gaugawa, in ya bushe kuma shi hito da hwarar ƙura. Na hwaɗa ma Safiya tun hwarko. Tac ce kar in kuskura ka ji, kai da Baba kunka gina ta, ba ka son a taɓa ta. In na saye ruwa unguwa, gobe kowa ya san dalili. Shi as sa muka ɗauko daga can. Ita ka tara ruwan ga hwamho da sahe, ita ka jiƙa tsamiyar ta tace."

Ya ɗauki buta ya wanke gorar, ya girgiza ya zubar, ya sake, har sau uku, yana shinshinawa. Abdulbaƙi na tsaye yana kallo, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ashe duk asirin da ya shiga ɗakin Inna shi ya ɗauko shi daga Ceberu a leda.

"Safiya ka cika ta kullum," in ji Abu. "Ba ni son ta ji wari."

Ranar suka wuni fasa tudun da guduma. Abdulbaƙi ya fi kowa duka, har tafinsa ya yi bororo ya fashe. Ya so ya ba da haƙuri, ya shirya maganar sau da yawa, duk lokacin da ya buɗe baki sai ya ji ta yi ƙanƙanta. Da za su tafi ya kawo wa Abu ruwa a kofi, Abu ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye a kan dakali bai sha ba.

Da hantsi washegari akori-kura ta tsaya da jarkoki goma sha biyu da sabuwar gora. Aka kwaɓa, aka zuba, jibis ya malale ya kwanta har jikin zare, sumul, fari tas, ba inda ya yi tudu. Abdulbaƙi ya ɗora tafinsa a bakin ƙofa ya ji ɗumin, wannan karon bai janye ba. Ya fara sa rai cewa maganar ta mutu a tsakaninsu su biyu. Har ya yanke shawarar ranar da za a dawo da Inna zai yanka ɗan akuya, ya roƙi Safiya ta kwana biyu a gida.

Bayan an ɗora kaya a mota, Abu ya dawo soro shi kaɗai, ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗi ɗaure da jan zare. Abdulbaƙi ya gane shi tun kafin ya iso hannunsa. Na ɗakin Safiya ne, ɗakin da ta tashi a ciki, wanda ko da suka yi faɗa ba ta taɓa bayar da mabuɗinsa ba.

"Na wanke gorar sau ukku, ka gani," in ji Abu. "Tawada ba ta sakin roba. Safiya na buɗewa tag gane, ban iya yi mata ƙarya ba."

"Mi tac ce?"

"Tac ce ta yahe maka rabonta na gidan, duka, ka kwantar da hankalinka. Inna ni za ni kawo ta ran Lahadi. Kar a taka daɓen ga sai ya kwana bakwai, a bar tagogi buɗe."

Motar ta tashi ta nufi hanyar Kambaza, jarkokin da ba komai a ciki suna karo da juna a baya. Abdulbaƙi ya koma tsakar gida da mabuɗin a hannu. Gida ya zama nasa kaf, ba mai sake yi masa zancen sayarwa. Ya je bakin rijiya ya zura guga, ya jawo, ya kurɓa, ya riƙe ruwan a baki kamar yadda ya ga Abu ya yi. Shekara talatin yana shan sa, sai yau ya ji gishirin.